Wanda Ka Iya Tayarwa

Rani uku ina dakon albasa a Meskin,
buhu bisa wuya, ido na zubar da ruwa ba a yi mutuwa ba,
ina cusa sefa cikin gwangwanin madara
da na binne a gindin randar Inna.
Ran Litinin, Marwa na cin kasuwa, na tone shi.
Shekarata sha bakwai.
Sau huɗu na ƙirga kuɗin, sau huɗu lissafi ya saɓa
don rawar da hannuna ke yi.

Kawu Bakari ya dubi ƙafata ya ce,
"Koma ka sa rufaffen takalmi.
Ba a zuwa zaɓen babur da silifa."

Garejin Garga na Domayo, ƙarƙashin darbejiya,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi.
Can na hango shi: ja wur, dogo,
tanki kamar tozon bijimi,
madubi biyu, kowanne da fuskata tana washe baki.
Na haye. Yatsun ƙafata suka shiga laluben ƙasa
kamar mai sauka daga tsani cikin duhu.
Duk da haka na ce, "Wannan."

Garga bai ce ƙala ba.
Ya goge hannu da tsumma, ya kama ƙahon jan,
ya kwantar da shi bisa tsohuwar taya
kamar ragon layya.
"Tayar."

Na sunkuya. Na ciji leɓe.
Wuyan da ya saba da buhu ya ce bai san wannan ba.
Yaran gareji suka ajiye sufana suna kallo.
Babur ko gezau.

"Kowa na faɗuwa, yaro," in ji shi.
"Ni da kake gani, duba gwiwata.
Yashin Mayo Kaliyawo ba ruwansa da launin fenti.
Ran da ka zube a hanyar Mindif,
daga kai sai awaki,
wa zai kama maka?
Wanda ka iya tayarwa shi ne naka."

A bayan rumfa akwai wani ɗan shuɗi da rana ta cinye,
an ɗinke kujerarsa da zaren buhu.
Na wani malamin dabbobi ne, wai,
har yanzu yana warin maganin shanu.
Na zauna don kunya, ba don so ba.
Tafin ƙafata biyu suka kwanta a ƙasa daram.
Aka kwantar da shi. Numfashi ɗaya na miƙar.

Kawu ya tsuguna yana duban hayaƙin salansa,
ya ja sarƙa, ya matse birki,
ya karanta takardu har baya saboda jandarma.
Aka yi ciniki rabi da Fillanci rabi da Hausa,
ni dai "albarka" kawai nake ji tana kai da komo.
Canjin da ya rage na so in sa oda mai kukan tirela.
Kawu ya kife mini hular kwano a ka,
ya ce ƙaton kai ma ƙwai ne.

Kwalba ɗaya ta zuwa-zuwa a bakin titi.
Giya ɗaya. Ya yi tsalle kamar ɗan maraƙi, ya mutu.
Na buga. Ya mutu.
Mai ƙosai ta rufe baki da gyale.
A karo na uku na saki kuloci a hankali,
yadda ake sakin hannun yaro mai koyon tafiya,
sai ga bishiyoyi sun fara wucewa da kansu.

Inna ta leƙo, ta zagaye shi sau biyu.
"Duk albasar nan, wannan ɗan taure ta haifa?"
Ba ta jira amsa ba, ta ɗaura mini ƙullin dawa a baya.
Fasinjana na farko ke nan, zuwa injin niƙa.

Hanyar ta bi ta gaban Garga.
Jan na nan tsaye, an goge masa ƙura.
Na ce ba zan waiwaya ba.
Na dai kalle shi kaɗan, ta madubi.